Hancin Babbo

Monteciro, ƙarshen Oktoba

Tullio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Graziella da yara kuna lafiya a Torino. Mu nan mun gama yankan inabi, mun tattake, har yau ƙafafuna a rine suke. Kai kuwa sai dai ka ji labari.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hancin Babbo, mahaifinmu, ya mutu. Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bara bai ƙara jin ƙamshi ko wari ba, yana ta ɓoyewa. Na gane ne ranar da miya ta ƙone ƙurmus, yana zaune gindin murhu yana ba ni labarin farauta. Mutumin da duk kwarin nan ke kawo wa giya ya shinshina ya yanke hukunci!

Ka san ƙa'idar gidanmu: ba farar wuta, ba yistin kanti, inabi ne kawai da sa ido. Gangunan da nake kula da su lafiya lau suke. Amma tsohuwar gangarsa, ta inabin kan tudu, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, ya bar ɓawon da ya taso samanta ya bushe, bai danna ba, bai rufe da wuri ba, don hancin da ke gaya masa lokaci babu shi. Na ɗanɗana a ɓoye. Ruwan tsami ne zalla, ko a salak ba zan zuba ba.

Ita zai buɗe ranar San Martino, bikin ɗanɗana sabuwar giya, gaban duk gari, kamar kowace shekara. Ba zan faɗa masa ba. Bari ya zuba wa Fada, limamin cocinmu, da maƙwabta da hannunsa, su tofar a gabansa. Ran nan zai miƙo mini makullin ɗakin giya.

Ka gaishe da gida.
Yayarka, Ermelinda

Torino, farkon Nuwamba

Linda, yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, kuma ta hana ni cin abinci. Graziella tana gaishe ki.

Don Allah ki sake tunani. Mutumin nan ya tsufa, ba abin da ya rage masa sai sunan nan na mai hanci. In kika bari aka yi masa dariya a tsakar gidansa, kin kashe shi da ransa. Ki ja shi gefe ki gaya masa a hankali. In ba za ki iya ba, ki juye giyarsa ki cika gangar da taki, ya buɗe a yabe shi, kowa ya huta. Wa zai sani?

Na so zuwa, amma aiki ya yi mini yawa a masana'anta, ga Graziella da ciwon baya. Ki duba girman Mamma da ke kabari.

Naki har kullum,
Tullio

Monteciro

Tullio,

Ina gaisuwa. Allah ya ba bayan Graziella lafiya, bayan nan da ba ya tashi sai lokacin aikin gona.

Wato in ba shi giyata a yabe shi. Ai abin da nake yi ke nan tun ina budurwa! Na haura hamsin, amma har yau in zan shiga ɗakin giya sai na tsaya ya zaro makulli daga aljihu, ya bi ni a baya yana duba hannuna. Makon jiya wani mai gidan abinci ya zo daga Ancona, ya ɗanɗana tawa, ya lumshe ido, ya tambayi wanda ya yi. Babbo ya ce, "Ni. Ɗana na Torino ne zai gaje ni." Mutumin ya nuna ni, ya ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Wannan? Tana wanke ganga da kyau." Ina tsaye, tiyo a hannu.

Na tsane shi a ranar, kuma ban ji kunyar tsanar ba. Kada ka ƙara sa mini Mamma a baki, ni na yi jinyarta.

Kana da alƙalami, ka san adireshi. In tausayi ya dame ka, kai magaji, rubuta ka gaya masa.

Ermelinda

Torino

Babbo mai daraja,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Yara suna ta tambayarka.

Na ji an sami inabi mai kyau bana. Ina tunani, tunda shekarar ta zo da zafi, ko za ka bari wani ya ɗan ɗanɗana gangar kan tudu kafin San Martino? Ba don komai ba. Ko kuma ka buɗe wata dabam, don canji. Amma kai ka fi kowa sani.

Ka riƙa sa rigar sanyi.
Ɗanka mai biyayya, Tullio

Monteciro, yammacin San Martino

Tullio,

Gaisuwa. An watse yanzun nan, dole in rubuta maka.

Da hantsi tsakar gida ta cika da jama'a, ana gasa 'ya'yan itacen kastanye, hayaƙi ko'ina. Babbo ya sa farar riga, ya buɗe gangar, ya tsoma hanci cikin kofi ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Bana ta yi." Warin tsamin kuwa har bakin ƙofa inda nake tsaye.

Fada Achille ya fara sha. Na ga idonsa ya kawo ruwa, maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Ya dubi Babbo ya ce, "Settimio, wannan tana da ƙarfi, Allah ya yi albarka." Tsoho Nazzareno, maƙwabcinmu mai haɗa giya, wanda tun ina yarinya yake kiran giyarmu ruwan wanki, ya shanye nasa tas ya ce, "Kai tsohon banza, ka sake kunyata mu." Gwaggo Imelde har ƙari ta nema. Ba wanda ya tofar, Tullio. Ko ɗaya!

Na tare Nazzareno bayan rumfa yana kurkure baki da ruwa. Na ce, "Ba ka ji abin da ka sha ba ne?"

Ya ce, "Na ji mana, har cikin haƙorina."

"To me ya sa ka yaba?"

Ya goge baki ya dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, tun bazara duk gari ya san hancinsa ya tafi. Wa kike tsammani bai sani ba? Ke kaɗai ce kike so a faɗa."

Sun tafi suna dafa kafaɗarsa, ni kuma suna gaishe ni da gefen baki. Makullin yana nan cikin aljihunsa. Ina ji kamar in fasa ihu, ga kofuna jibge suna jiran wanki.

Ermelinda

Monteciro

Tullio,

Ina gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Hancina ya mutu, amma ina gani. Na ga hawayen Fada. Na ji Nazzareno yana yabona, abin da bai taɓa yi ba. Na kuma ga yayarka a bakin ƙofa, kofinta cike, ba ta kai baki ba, tana kallona tana jira. Ta sani. Kai ma ka sani, sai a lokacin na gane wasiƙarka.

Washegari da ta tafi kasuwa na rage kowace ganga tata, na cike da tawa. Ban tsallake ko ɗaya ba. Ka san tsami in ya shiga giyar da ba farar wuta, ba ya fita.

Da ta dawo na damƙa mata makullin. Ta yi kuka, ta sumbaci hannuna. Ba ta ɗanɗana ba tukuna.

Kai ka gaya mata, in za ka iya.

Mahaifinka,
Settimio