Rasuwar Kyaftin, da Rokarsa da ke Rataye a Wayar Lantarki

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji mai rayarwa mai kashewa, Ƙungiyar Masu Harhaɗa Ƙananan Rokoki ta samu labarin rasuwar Shugabanta na dindindin, Ubanta wanda ya kafa ta, babban alƙalin filinta, dattijon arziki, tsohon mai gyaran keken ɗinki da manya da yara suka fi sani da Kyaftin, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a gadon asibiti, bayan 'yar gajeruwar jinya ta ciwon ƙirji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙungiya tana sanar da jama'a wannan babban rashi, tana kuma sanar da su cewa marigayin ya tafi ya bar rokarsa ta ƙarshe rataye a babbar wayar lantarkin da ta ratsa ta bayan filinmu, saboda haka taron da ya buɗe da bakinsa har yanzu ba a rufe shi ba.

Sunan Kyaftin mu muka laƙa masa don tsokana, domin bawan Allahn nan bai taɓa shiga jirgin sama ba, ko tsani ma sai da addu'a yake hawa. Amma shekara da shekaru, a ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa, tsakanin matattun kekunan ɗinki da kwalaben mai, shi ne ya koya wa duk wanda ya taɓa zama ɗan wannan ƙungiya yadda ake naɗe kwali ya zama gangar jikin roka, yadda ake goge fikafikan katako har su yi santsi, da yadda ake ninke 'yar laimar da ke sauko da ita ƙasa lafiya. Bai taɓa karɓar aikin ha'inci ba. In fiffikenka ya karkace ko da kaɗan, zai ɗaga rokar ya kanne ido ɗaya, ya miƙo maka abarka kawai, wallahi gara ya zage ka. A zamanin da ƙungiya ke tashe, benci biyu ba sa ɗaukar mu a ɗakin nan, wasu a bakin ƙofa suke tsayawa. Daga baya, cikin tsofaffin 'yan ƙungiya, Akawu ya riga mu gidan gaskiya, Mai Hoto 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa wani gari, Dogo ƙafa ta hana shi fita, samarin kuwa suka sami abin da ya fi ɗauke musu hankali. Aka wayi gari daga Shugaba sai Kakaki, wato mai wannan sanarwa, amma duk da haka marigayin bai fasa share bencin na biyu ba duk ranar Asabar.

Babban aikin da ya rufe hidimarsa da shi shi ne sake gina wata tsohuwar roka da aka daina yin irinta tun muna samari. Asalinta ta yayansa ce, wanda ya taho da ita a kwali daga wata tafiya, suka harhaɗa ta tare, suka harba ta sau ɗaya tak, zaren laimarta ya tsinke a sama, ta ɓace ba a sake ganinta ba. Yayan kuma bai yi tsawon rai ba. Abin da ya rage wa Kyaftin shi ne murfin kwalin da ya koɗe da hoto ɗaya marar launi, kuma da su ya zauna yana aunawa yana yankawa, ya ɓata ya sake, har ya fitar da ita da dogon hancinta da fikafikanta uku kamar yadda take a idonsa. Kakaki yana shaida wa jama'a cewa an yi doguwar jayayya a kan fenti, marigayin yana cewa ja ce, ni ina cewa ruwan lemo ce, alhali ban taɓa ganin ta farkon ba, neman magana ne kawai irin na tsofaffin da ba su da kowa sai juna. Ya shafa mata ja. Abu ɗaya kawai ya sauya daga na asali: ya ɗaure laimar da zaren ɗinkin takalmi mai kauri, ya ce wannan karon sai dai komai ya tsinke ban da zare.

Mun harba ta wata Asabar da safe a tsohon filin ƙwallon da ke bayan rufaffiyar masaƙa, mu biyu, babu ɗan kallo ko ɗaya sai awakin da ke kiwo a gefe. Marigayin ya buɗe taro kamar yadda ya saba, da sallama da karanta dokokin fili ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce mutum ɗari ne a gabansa. Ya haɗa waya da batir, ya ƙirga, ya danna. Kai, jama'a! Ta tashi sambal, ba karkata ba rawa, ta bar farin hayaƙi a bayanta har ta zama ɗan ɗigo, sannan laima ta buɗe. Na juya na ga dattijo yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ana cikin haka iska ta juya, ta kwashe ta a hankali, muna ji muna gani, ta rataye ta a wayar da ta fi kowace tsawo.

Dokoki biyu na ƙungiya suka haɗu a kanmu ranar, kuma duka biyun marigayin ne ya kafa su. Ta farko, rokar da ta hau wayar lantarki ba mai taɓa ta, ko da gora, ko da jifa. Ta biyu, ba a rufe taron fili sai kowace rokar da ta tashi ta dawo hannu. Na ce masa haba Kyaftin, mu biyu ne fa, wa zai kai ƙararmu in mun rufe, ya dube ni kamar na yi saɓo. Tun daga ranar kullum da safe sai ya ɗauki kujerarsa mai naɗewa ya tafi ya zauna nesa kaɗan da turken wayar, yana korar masu jifa, yana jiran iska ta sauko masa da abarsa. Zaren kuwa ya cika alkawarin mai shi, ya ƙi tsinkewa. Har a asibiti, ranar ƙarshe da na gan shi yana iya magana, bai tambaye ni komai ba sai ko an yi iska.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakin marigayin, uwarmu mai haƙuri, wadda ta jure warin gam da fenti a cikin gidanta tsawon zaman aurensu, wadda kuma ta shaida wa Kakaki ranar rasuwar cewa ita ba ta taɓa fahimtar wannan wasa ba, amma tana son a kawo mata jar abar nan ta ajiye a inda yake ajiye hularsa. Haka nan muna yi wa babbar 'yarsa Likita ta'aziyya, da ɗansa da ke aiki a nesa wanda bai samu jana'iza ba, da ƙannensa da surukansa da jikokinsa baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sada shi da yayansa a gidan Aljanna, Ya ba iyalansa juriyar wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ga sauran jama'a, musamman mazauna bayan masaƙa, ƙungiya tana roƙo da babbar murya: don girman Allah kada kowa ya hau turken nan, kada a zura ƙarfe, kada a yi jifa, domin marigayin ya gwammace ta ruɓe a can da a ce wani ya ji ciwo saboda ita. Damina ta kusa, kwali kuwa ba ya shiri da ruwa, don haka wataƙila abin da zai faɗo bai wuce hanci da fikafikai ba. Duk wanda ya tsinci wani abu nata, komai lalacewarsa, ya kawo wa tsohon da zai gani zaune a kujera mai naɗewa kusa da wurin, domin Kakaki ya karɓi zaman daga inda Shugaba ya tsaya. Idona ba shi da ƙarfi kamar nasa, wasu ranakun ba na ma iya rarrabe ta da tsuntsu, kuma ba zan ɓoye ba, zaman akwai kewa ƙwarai.

Roƙo na ƙarshe ga iyalan marigayin ne. A ƙa'idarmu mutum biyu ke rufe taro: Shugaba ya tsaya a tsakiyar fili ya tambaya ko duka sun dawo, Kakaki ya amsa masa cewa sun dawo, sannan kowa ya kama hanyar gida. Amsar tana bakina, a shirye nake da ita. Ranar da Allah Ya sauko da rokar nan, ina roƙon wani daga cikinku, ko wane ne, ya daure ya zo filin ya yi min tambayar.

Sa hannu,
Malam Mai Tabarau,
Kakaki, Sakatare, kuma mamba ɗaya da ya rage,
Ƙungiyar Masu Harhaɗa Ƙananan Rokoki.