Takardar da Na Dawo da Ita daga Ƙudus

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, yaya ƙafar Malam? Mu nan unguwar New Bell lafiya lau.

Na dawo daga Ƙudus amma hankalina bai kwanta ba. Kin tuna Mami Ngum, Kiristar da rikici ya koro daga Bamenda, mai haya a gidanmu? Da zan tafi ta ba ni 'yar takarda da sunan ɗanta da ya ɓace, in cusa mata a bangon da Yahudawa ke addu'a. Na je har gindin bangon, Yaya, amma hannuna ya ƙi, na ji tsoron shirka. Sai na shiga Masallacin Aƙsa na roƙa masa Allah har da hawaye.

Ina dawowa ta tare ni a ƙofa: "Hajiya, kin saka?" Na ce e. Tun ranar ta koma cin abinci.

Takardar tana jakata har yau. Ki tambayar mini Malam, in faɗa wa Mami Ngum gaskiya ko in yi shiru? Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a, don kullum da safe sai ta zo ta yi mini godiya.

Ƙanwarki,
Rabi