Yatsun da Siminti Ya Cinye

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi, wasiƙarka ta iso. Sai da na karanta wa abokinmu Tela ita sau biyu, don a karon farko ya ce ƙarya nake yi, idonka ba ya mutuwa, kai da kake hango malami tun daga bakin ƙofar makaranta.

Mun je ofishin biza. Takardar gayyatar da 'yarka ta aiko ta yi, hotuna sun yi. Saura ɗaukar zanen yatsu. Tela ya ɗora nasa a kan gilashin na'ura, ta yi kore, ya tashi yana washe baki. Ni na ɗora, shiru. Yarinyar da ke wurin ta goge gilashin, ta danna min yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta sa na hura musu iska. Daga ƙarshe ta juya tafin hannuna ta duba, ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?"

Na ce gini. Ban gaya mata cewa ni ne wanda kuke kira Ƙamus ba, wanda ya riƙa yi wa ajinmu duka jinga. Me zai ƙara mata? Tun da aka rufe ma'aikatarmu nake cuɗa siminti, ya share min yatsu sumul kamar bayan cokali. Ta ce in huta da aiki, in riƙa shafa mai, in dawo. Ka ji ƙarshen boko: takarduna cike da akwati, amma fatar yatsa ake tambaya.

Ka gaida 'yarmu.

Naka,
Ƙamus

*

Ƙamus,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, yanzu haka nake rubutu kamar ɗan aji ɗaya. Idona na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuwa kamar ana leƙen ɗaki ta cikin hayaƙi. Likita ya daina cewa "za mu gani", kuma ka san abin da hakan ke nufi.

Ba na son komai sai in ga fuskokinku, ko da sun lalace. Ka sa hannun nan a aljihu ka zauna. Tela kuma kada ya jira ka, ya taho.

Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa. Na bar aiki. Ina zaune a ɗaki, hannuwa cikin mai, an sa musu safa, matata ce ke ɗaura min maɓallin riga. Maigidan ginin ya sa wani a gurbina, bai ko aiko a tambayi lafiyata ba.

Na koma ofishin. Na'urar ta karɓi hannun hagu, ta ƙi na dama. Na roƙi yarinyar, Dogo. Ni da ban roƙi kowa ba ranar da aka sallame mu. Na ce mata abokina ne zai makance, a rubuta cewa yatsun sun goge, a wuce. Ta ce akwai hanyar hakan, amma sai an tura sama, kuma amsar takan daɗe fiye da warkewar fata.

Tela ya kafe, wai tare muka fara, tare za mu hau jirgi. Lallashi bai yi ba, sai na zage shi a gaban masu kawo ɗinki. Na ce tsoron jirgi yake ji yana fakewa da ni, matsoraci tun yana yaro. Ya tafi jiya bai yi min sallama ba. Idan ya iso ka dube shi da kyau, ka dubi rabona a jikinsa.

Ka rage kallon haske. Ka rufe idon da rana in hakan zai sa ya jira. Ban san ko yana taimakawa ba, ba ni da wata dabara ce kawai.

Ƙamus

*

Baba Ƙamus,

Ina gaishe ka da girmamawa. Baba ne ke faɗa, ni ke rubutawa. Mun samu saƙonka cewa bizar ta fito. Ya ce in rubuta daidai yadda ya faɗa:

"Na ga Tela. Bayan zuwansa da kaɗan fitilar ta mutu. Ya ce ka tsufa ka yi muni, don haka ban yi asarar komai ba. Kada ka kuskura ka fasa. Ka zo ka zage ni a kusa."

Ni zan tarye ka a filin jirgi.

'Yarka