Muƙamuƙina ya gaza, shagon surukina kuma da haƙorana yake tafiya

Inna Fumie, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Gidan mijina a garin Soka sana'arsu gasa senbei, wainar shinkafar nan mai taurin tsiya. Tun da mijina ya rasu, daga ni sai mahaifinsa, Baba Genzo, muke riƙe da shagon. Baba ba shi da haƙori ko ɗaya. Duk gashin da ya sauke daga garwashi sai ya miƙo mini in ciza, shi kuma ya kasa kunne. Da jin ƙarar yake gane ta yi ko ba ta yi ba. Yakan ce, "'Yata, ke ce bakina."

To bakin ya mutu, Inna. Tun bara muƙamuƙina ke ƙas-ƙas, yanzu ciwon har cikin kunne. Da safe sai na lallaɓa kafin bakin ya buɗe. Hamma ma tsoronta nake. Likita ya ce in daina tauna abu mai tauri, in koma kunun shinkafa da tofu, wato awara. Na yi dariya, dariyar ma ta yi zafi. Har yau ina cizawa, in shiga bayan shago in yi kuka. Ɗan Baba ya tafi. In na ce na gaza, me ya rage masa? Ni kaina ban san amfanina a gidan nan ba in babu haƙoran.

Mai kuka a bayan shago

'Yata,

Tausayin da kike wa Baba gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma likita ma gaskiya ya faɗa. Gaɓar da ba a ba ta hutu da lallami ba, wata rana ita za ta ɗauki hutun da ƙarfi.

Ki daina cizon daga yau. Ki riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ki ci mai laushi, ki tallafe haɓa in hamma ta zo. Ki koma wurin likita, ki tambaye shi ko kina cije haƙora cikin barci. Baƙin ciki na sa haka, kuma akwai robar da ake sawa a baki lokacin barci.

Sannan ki gaya wa Baba. Zai ji ciwo, watakila har ɗanɗanon senbei ya sauya, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma mai cizo ana iya ɗauka aiki. Tsohon da ya binne ɗansa ba zai yafe wa kansa ba in ya gano da hannunsa yake miƙa miki azaba kullum. Kada ki bari ya gano da kansa.

Ina miki fatan sauƙi, da bakin da zai iya dariya.

Inna Fumie