Filin Mis Verna

Litinin, 24 ga Fabrairu

Yau muka buɗe ofis, karo na farko tun ambaliya. Ruwa ya shiga ɗakin ƙasa na kotu, amma Allah ya sa bai kai ga littattafan rajistar filaye ba. Sai warin laka. Layi har bakin titi, kuma kowa magana ɗaya: hukumar agaji ta ce ba taimakon gini sai da takardar da ta nuna filin naka ne. Bayana kamar zai tsage.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mis Verna Stidham ta zo. Ita ta riƙa tuƙa motar makarantarmu tun ina aji ɗaya har na gama sakandare. Takalmin roba na maza ne a ƙafarta, rigar sanyin ma ta kayan taimako ce. Gidanta na bakin rafi ya tafi duka, da firij da hotuna da kaji. A zauren coci take kwana.

"Twila, ke ce nan kika zama manya? Ke da kike mini amai a kujerar baya?" A gaban mutane fa! Na ce, "Mis Verna, ai tuƙinki ne." Ta ce tuƙinta bai taɓa kashe kowa ba, in ɗauko mata takardarta ta wuce, ƙafarta na ciwo.

Na duba kwamfuta, babu sunanta. Na ce ta ba ni kwana biyu in sauka ƙasa.

Talata, 4 ga Maris

Na same shi. Tsohon littafi, rubutun hannu, shekarar 1931. Filin da sunan kakanta, Elhanan Stidham, daga babban icen bakin rafi har kan tudu. Daga nan ba a sake rubuta komai ba. Ya rasu bai bar wasiyya ba, 'ya'yansa bakwai kuma ba wanda ya zo nan ya gyara. Aka yi ta haihuwa ana mutuwa a kan filin. A doka yanzu na duk jikokinsa ne da tattaɓa kunne, kowa da ɗan kasonsa, ba wanda zai iya nuna inda nasa yake.

Na juya mata littafin ta gani. Ta ɗora yatsa a kan sunan, ta daɗe. Sai ta ce, "'Yar nan, ni nake biyan harajin wurin tun ba a haife ki ba." Na ce na sani. Ta ce, "To me zan yi?"

Mista Caudill, magatakardanmu, yana bayana yana jin komai. Na ba ta lambar lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi. Da ta fita ya ce, "Mu ajiya muke yi, Twila. Nuna littafi namu ne, shawara ta lauya ce." Ba mugu ba ne. Gidan ƙanwarsa ma ya tafi.

Juma'a, 7 ga Maris

Mutum uku yau masu irin matsalarta. Rabin tsaunukan Kentucky ashe da sunan matattu suke.

Laraba, 19 ga Maris

Mis Verna ta dawo daga wurin lauya. Yarinya ce, in ji ta, mai kirki, amma mutane sun yi mata yawa. Ta ce mata sai kowane magaji ya sa hannu ya bar mata kasonsa, a gaban mai shaida. Mis Verna ta zauna a kujerar da ke gefen kantar ofis tana lissafa mini su da ka, gida gida. Wasu a Ohio, wasu a Michigan, ɗaya a gidan yari. Wani da ta buga wa waya ya ce bai ma san yana da fili ba, sai kuma ya tambaya nawa zai yi a kasuwa.

Ta yi dariya da ta faɗa mini. Ni ban yi ba.

Dewey ya ce in daina kawo aikin kotu kan teburin abinci. Mijin nan nawa, shi komai a kan injin yankan ciyawa yake hucewa. Da ma ni ma.

Talata, 1 ga Afrilu

Hukumar agaji ta ƙi. Wai a ɗaukaka ƙara. Mis Verna ta kawo mini wasiƙar in karanta mata don ruwa ya tafi da tabaranta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ba na son rubuta wannan.

Da hantsi wani mutum ya shigo, takalminsa ba ko ɗigon laka, shi ya sa na san ba ɗan nan ba ne. Ya miƙo takardar sayarwa a yi rajista. Hobart Stidham na Dayton da ke Ohio ya sayar da kasonsa na filin Elhanan ga wani kamfanin katako. Na karanta daga sama har ƙasa, na koma. Na duba sa hannu, na duba hatimin shaida, na duba kwatancen iyaka, ina neman ko harafi ɗaya da zai sa in mayar masa. Babu. Mutumin yana ta yaba sanyin garinmu.

Na kalli Mista Caudill. Ya ɗauke kai.

Na buga hatimi. Na sa lambar littafi da shafi. Na ce masa a sauka lafiya, don bakina ya saba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Mis Verna ta zo da burodin masara a naɗe cikin tawul, wai matan coci sun yi da yawa. Takarda in ta shiga littafi kowa na da ikon gani, don haka ban karya doka ba da na buɗe mata shafin. Na karanta mata.

"Hobart? Ɗan Anti Opal? Ni na yi rainon yaron nan lokacin da uwarsa ke asibiti." Sai ta nuna ƙasan takardar. "Wannan sa hannun kuma na wa ne?"

Na ce nawa ne.

Ta ce, "To." Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta gyara tawul ɗin a kan burodin, ta bar shi a kan kantar ofis, ta fita a hankali tana dafa bango. Ban iya ci ba. Na kai wa masu gadi.

Talata, 6 ga Mayu

Kamfanin ya shigar da ƙara a sama, wurin alƙali. Tunda filin ba ya rabuwa, wai a yi gwanjonsa a raba kuɗin. Mai ɗan ƙaramin kaso ma doka ta ba shi wannan. Lauyar ta ce in sauran dangi suka haɗa kai a bayan Mis Verna akwai abin faɗa a gaban alƙali, in ba haka ba kuwa...

Mis Verna ba ta sake zuwa ofis ba. Na ji 'yarta na so ta ɗauke ta zuwa Indiana. A kan tudun nan mijinta yake kwance, da iyayenta.

Duk ƙofar da aka turo sai na ɗaga kai.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ranar gyaran kaburbura. Dangin Stidham duk shekara suna hawa tudu su share, su sa furanni, su ci abinci a gefen kaburburan kakanni. Ban yi niyyar zuwa ba, ba dangina ba ne. Dewey ne ya ce yana son ganin yadda ruwa ya yi da hanyar can. Na dafa wake kawai don kada mu je hannu rabbana.

Motoci masu lambar Ohio da Michigan cike da gefen hanya. Mis Verna na zaune a kujerar roba, ta rame. Ta dube ni ta ce, "Wa ya gayyaci kotu?" Na ce ni abinci na zo ci. Ta ce to in zuba, kazar 'yar uwarta Loretta ce kaɗai ba a ci, tun da can ba ta iya ba.

Lauyar ta bar mata takardun barin kaso tun watan jiya, suna cikin leda a ƙarƙashin kujera. Ba mai shaida, shi ya sa suke nan. Ni kuwa ina da izinin shaida sa hannu, ko a wajen ofis. Ban san yadda aka yi hatimina ya shigo jaka ba, ina jin tun Juma'a na manta shi a ciki.

A bayan motar Dewey muka yi. Wasu sun sa hannu suna kuka. Wasu sun ce sai sun yi shawara da matansu. Wani ya ɗauki faranti ya koma can nesa. Hobart bai zo ba. Masu sa hannun ba su cika ba, ko kusa, kuma kamfanin na nan da kasonsa. Ban ba kowa shawara ba. Na dai faɗa wa masu tambaya abin da gwanjo yake nufi, har da tudun da muke tsaye a kai.

Da za mu tafi Mis Verna ta riƙe hannuna ta ce akwai wasu a Dayton, can Ohio, tsofaffi, ba sa iya tafiya. Na ce izinina bai wuce iyakar jiha ba, sai dai a nemi mai shaida a can.

Na tambayi Dewey ko tayoyinmu za su kai Ohio. Tambaya kawai na yi.