Ya Taɓa Sau Biyu, Na Sake Shi

Da sunan Allah na fara, Shi kaɗai Ya san gobe.

Ni ce Yayarku. Ina rubuta wannan da hannuna a bayan littafin lissafina, a gado na huɗu daga ƙofa, bayan la'asar ɗin Talata. Ina cikin hayyacina, kar wani ya ce ciwon kai ne yake magana. Ɗazu nas ta tambaye ni ranar yau da sunan Umma, ta ɗaga yatsu na ƙirga, ban kuskure ko ɗaya ba. Gobe da safe za a yi mini aiki a kwashe jinin da ya taru a kaina. Likita ya ja Baba gefe, amma labulen nan ba ya tare magana, na ji abin da ya ce. Kun san bakina nauyi gare shi, shi ya sa na zaɓi biro.

Gare ka Dogo, da ke Auta. Inda ya yi wa Auta wuya, Umma ta karanta mata.

1. Zan faɗi yadda abin ya faru, don labarin da ake bayarwa a unguwa an ƙara masa gishiri. Ranar Alhamis ni da Auta mun taso daga makaranta, muka biya muka karɓo wayar Umma daga wajen gyara, muka bi lungun masu walda. Wayar tana hannun Auta. Mai Tabo, mutumin nan da yake yini a bakin kwata, ya sha gabanmu, ya murɗe hannunta don ya ƙwace wayar, ya wurgar da ita kamar tsumma. Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Na shige jikinsa, na damƙi wuyan rigarsa, na juya ƙugu na ɗauke shi na maka da ƙasa. Bakinsa ya daki dutse, na ga haƙori a cikin jini. Na bi shi ƙasa, na miƙar da hannunsa tsakanin ƙafafuna ina lanƙwasawa, har na ji gwiwar hannun tana ƙara. Saura kaɗan ta ɓalle.

Sai ya bugi ƙafata da ɗaya hannun, sau biyu.

Shi bai san komai a kai ba, azaba ce ta sa shi. Amma a ajinmu na kokawar judo, bugu biyu yana nufin na sallama, kuma wadda ba ta saki nan take ba Malama korarta take yi daga kan tabarma. Shekara uku ina yin haka duk Asabar. Hannuna ya saki kafin kaina ya yi tunani. Har na miƙe ina gyara hijabi kamar an gama wasa. Ya lalubo guntun rodi a tarkacen masu walda, ya sauke mini a bayan kunne. Na biyun a kafaɗa ya same ni. Daga nan sai ihun masu walda, sai duhu.

Dogo, ba fin ƙarfina ya yi ba. Ni na sake shi.

2. Wuƙar yankan naman Umma ba ɓata ta yi ba. Tana cikin safar ƙwallonka a ƙarƙashin katifa, inda kake ɓoye komai tun kana aji uku. Ka mayar da ita kicin yau. Kuma na ji abin da ka yi wa ƙanin Mai Tabo a bakin famfon makaranta: ka fasa masa hanci, da ya faɗi ka taka yatsunsa da takalmi har biyu suka karye. Da hannun nan yake rubutu, kuma tare za ku zauna jarrabawa. Ba shi ya ɗaga rodi ba. Wanda ya ɗaga yana hannun hukuma. Ka je gidansu tare da Baba, ka durƙusa a gaban mahaifiyarsa ka ba da haƙuri. Idan ban tashi ba, kar ka zubar da jinin kowa ka ce don ni ka yi. Ban aike ka ba, kuma ba zan karɓa ba.

3. Wannan shi ne babban abin da ya sa na ɗauki biro. Kar a cire Auta daga judo.

Na san Baba ya rantse ba za ta sake taka wajen ba. Na san kai kuma Dogo kana cewa wasan rungume-rungume ne ya kwantar da ni, za ka kai ta inda ake koyon naushi na gaske. Ku saurare ni, don ni na zaɓar mata, kuma ba da ka na zaɓa ba.

Kun manta yadda Auta take a shekarar bara. Hutun tara na makaranta a banɗaki take yin sa, ta kulle ƙofa, saboda wasu 'yan ajinsu suna ƙwace mata abinci suna jan kitsonta har fatar kai ta yi jini. Ko an tambaye ta sunanta ƙasa take kallo. Duk da ni judo nake yi, ban ce dole ita ma ba. Na ja ta muka zaga wuri uku. A wajen dambe mun tarar da wata yarinya jini yana zuba daga hancinta, mai koyarwa yana ce mata ta share ta ci gaba. Auta ta ƙanƙame siket ɗina. Kai ma Dogo, wata biyu ka yi a can ka dawo kana naushin ƙofar ɗaki, har yau ramin yana nan. A wajen masu harbi da ƙafa abin gwanin kyau, ƙafa har saman kai, amma na tuna doguwar riga da jakar littattafai da santsin lungunmu idan an yi ruwa. A wajen Malama kuwa, wata guda cur ba a koya mata taɓa kowa ba. Faɗuwa kawai. Haɓa a ƙirji, tafin hannu ya daki tabarma, a mirgina, a tashi. Kai Dogo ka riƙa tsokanarmu kana cewa gidanmu ya samu ƙwararru a faɗuwa, wai a ba mu kofi.

Wata huɗu da farawa, Auta ta ɗaga hannu a aji ta ba da amsa. Ba ta doki kowa ba. Wadda ta zo jan kitson ta ga an tsaya ana kallon idonta, sai ta wuce.

Ranar Alhamis kuma, a kan bakin simintin kwata Mai Tabo ya jefa ta. Da idona na ga ta manna haɓa a ƙirji ta daki ƙasa da tafi. Ƙeyarta ba ta taɓa simintin ba. Ta tashi da ƙujewa a hannu kawai. Baba, don Allah ka duba wannan. Koyarwar da kake cewa ta kawo ni gadon nan, ita ta hana ka jinyar 'ya'ya biyu.

Ban ce judo ya fi komai ga kowa ba. Na ce yaron da tsoro ya cika wa ciki, a fara koya masa cewa ana faɗuwa a tashi, kafin a koya masa duka.

4. Malama ta zo sau biyu, Baba ya hana ta shigowa. Na hango ta ta taga, ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Ba ta da laifi. Umma, ki je wajenta ki kai mata saƙona: ta ƙara wa yara darasi ɗaya. Ta gaya musu dokar tabarma a tabarma take tsayawa. A titi idan ka kayar da mutum, ba a binsa ƙasa, ba a jiran ya sallama. Ka ja ɗan'uwanka ku gudu kuna ihu. Da na ja hannun Auta lokacin da yake kwance yana tofar da jini, da yanzu ina gida ina wanke-wanke. Auta, ki haddace wannan kamar karatun allo.

5. Kayana ba su da yawa. Farar rigar judo da shuɗiyar ɗamarata na Auta ne. Umma, kar ki sa almakashi ki rage rigar, a naɗe hannun, za ta girma ta cika ta. Ɗamarar kuwa a ajiye, ba za ta ɗaura ba sai Malama ta ce ta kai. Littattafan kimiyya da kalkuleta na Dogo ne, akwai amsoshi da fensir a gefe, kar ka kwafa, wasu ba daidai ba ne. Hijabin ranar Alhamis a jefar. An ce sau uku Umma tana wanke shi, jinin ba zai fita ba.

Dogo, na bar maka aiki ɗaya. Duk Asabar kai za ka raka Auta, ka zauna a benci har a tashi. Kuma sau ɗaya ka cire takalmi ka hau tabarmar, ka bari ta kayar da kai. Za ka ga ko rungume-rungume ne.

6. Baba da Umma, na san tun ranar ba kwa magana sai ta bakin Dogo, saboda Umma ce ta sa hannu a takardar shigata judo. Ni na yi ta roƙonta har ta gaji. Ku yafe wa juna, ku yafe mini. Na yafe wa kowa. Mai Tabo ma ina ƙoƙari, Allah Ya gani.

Tun ranar Alhamis Auta ba ta ce uffan ba, kowa ya damu. Ku ƙyale ta, za ta yi. Jiya da aka kawo ta na rungume ta, ashe na matse ta da yawa. Sai na ji ɗan hannunta a bayana, sau biyu. Na sake ta. Ta ɗago ta dube ni, muka yi dariya har nas ta leƙo. Ba ta manta ba. Ku mayar da ita ranar Asabar, ko ina nan ko ba na nan.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a hanya da gida, Ya sanyaya zuciyar Dogo, Ya buɗe bakin Auta da alheri. Ku riƙe Umma da Baba, ku riƙe juna. Wannan riƙon kam, ko sau goma aka taɓa ku, kar ku saki.

Yayarku.