Hawainiya Ce Ta Ƙure Malejin

Anti, ina gaisuwa. Don girman Allah ki taimake ni, in da hali ma ki tsallake layi ki amsa mini da wuri, domin kwana goma sha biyu suka rage mini. Na yi ɓarna an ɗora wa wani bawan Allah, ni kuma ina zaune na yi tsit kamar ruwa ya cinye ni.

Shekaruna arba'in da tara, ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Na faɗi haka ne don ki san ni ba yarinya ba ce, kuma aikina kullum shi ne in ce wa mutane ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma, kada a ƙara kada a rage. A gida kuwa sunana Hawainiya. Maigidana ne ya laƙaba mini tun ina koyon tuƙi, yara suka ɗauka, yanzu har matar ɗana Mama Hawainiya take cewa in ta zaci ba na ji. Ba su yi mini ƙazafi ba. Shekara ashirin ina jan mota ban taɓa haura sittin ba. Wani mai keke ya taɓa wuce ni, ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Maigidana injiniyan ruwa ne, bara ya yi ritaya. Tun aurenmu akwai hoton wata jar mota da ya yanko daga kalanda ya manna a cikin ƙofar kabad ɗin kayansa. Mun sauya gida sau uku, hoton yana biye da mu. Da ya ajiye aiki, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai ya je ya sayo irinta sabuwa dal, ƙofa biyu, ta yi ƙasa kamar ta durƙusa gaisuwa. Na yi masa tsiya, na ce motar da ko buhun shinkafa ba ta ɗauka ai abin wasan yara ce. Amma ranar da aka kawo ta na ga ya juya baya yana goge ido, sai na daina yi masa tsiyar.

Mutanen kamfanin sun yi masa dogon bayani. Wai sabon inji mai ƙarfi irin wannan sai an hore shi, don ƙarafan cikinsa ba su saba da juna ba, sai sun gogi juna a hankali kowane ya zauna daidai a mazauninsa. Saboda haka kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar na farko kada allurar da ke nuna juyin inji ta haura lamba huɗu. Kada a take totur har ƙasa, kada a matsa mata inji bai yi zafi ba, kada kuma a dasa ta a kan gudu ɗaya, a riƙa hawa ana sauka. In an cika sai a juye baƙin mai, sannan a sakar mata mara. Ya dawo gida ya ɗauki filastata ta ɗaure ciwo, ya yanki siririya, ya manna a gilashin agogon daidai kan lamba huɗu.

Kilomita ɗari uku ya yi, sai ranar aikin gwiwarsa ta dama ta zo. Likitoci suka hana shi tuƙi wata biyu. Ɗanmu ya kawo kansa zai ƙarasa horon motar, maigida ya hana shi, ya ce yaron nan in ya riƙe sitiyari kamar ana bin sa da gudu. A gaban kowa a falo, ƙafarsa a miƙe kan matashi, ya ba ni makullin. Ya ce duk duniya Hawainiya kaɗai zai ba wa motar nan ya yi barci har da minshari, don ko ƙafarsa bai yarda da ita ba kamar yadda ya yarda da tawa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma Anti, maganar ta ɗan sosa mini rai, ban san dalili ba.

Mako biyu ina bin doka sau da ƙafa. Kowace safiya kafin aiki sai in bi sabuwar hanyar da ta zaga bayan masana'antu, in yi kilomita talatin in dawo. A mako na uku na tarar da wata tifa a gabana tana watso tsakuwa. Na ji tsoron fenti, na ce bari in ɗan taɓa in wuce ta. Abin da na sani kawai kujera ta bugi bayana, motar ta yi wani irin gurnani da na ji shi har cikin haƙorana. Na wuce tifar tuntuni, amma ban ɗaga ƙafa ba. Ina gani allura ta tsallake filastar, ta wuce biyar, ta wuce shida, ta shiga ja. Ni kaɗai a mota ina ƙyalƙyala dariya kamar sabon kamu. Kuma ko minti biyar ban yi da barin gida ba, injin bai ma ɗumama ba.

Da sau ɗaya ne da na ce tsautsayi. Safiya tara na yi, na ƙirga. Har takalmi na koma cirewa don in ji totur ɗin a tafin ƙafata. In na shigo layinmu sai in rage, in lallaɓo kamar mai ɗauke da ƙwai. Maigida na zaune a baranda da sandunansa yana jirana, ya tambaye ni nawa na kai yau, in ce sittin, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Da kilomitan suka cika, aka kira bakanikensa ya juye baƙin mai. Kamfanin yana da nisa, kuma maigida ya rantse ba mai taɓa masa mota sai wannan mutum. Likita ake ce masa, don sukundireba yake kafawa a jikin inji ya kara kunne ya faɗi ciwon. Abokinsa ne shekara ashirin da shida. Lokacin naƙudar autana maigida ba ya gari, Likita ne ya bar aikinsa da baƙin mai a hannu ya kai ni asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa har aka ce na sauka.

Bayan mako biyu fitilar baƙin mai ta kama. Da safe in an tayar da motar sai shuɗin hayaƙi ya biyo salansa, man kuma yana ta raguwa. Maigida ya yi lissafinsa: Hawainiya ce ta hori inji, ke nan horo ba shi da aibi, saura wanda ya zuba mai. Ya sa ɗanmu ya kai shi garejin, ya tsaya a kan sanduna a gaban ma'aikata da masu jiran gyara, ya ce Likita jabun mai ya zuba masa, ya ci amanarsa. Abokansa biyu da suka yi ritaya tare suka ji labari, suka janye motocinsu daga wurin. Yanzu maganar ta zaga unguwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Washegarin ranar da aka tozarta shi a garejin, Likita ya zo gida. Ya buɗe bonet ya saurari injin. Sannan ya zaga baya ya tsuguna, ya shafa tayoyin baya da tafin hannunsa, ya daɗe yana shafawa. Ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya sunkuyar da kai. Sai ya ce wa maigida wataƙila laifinsa ne, tsufa ya fara kama shi, a yi haƙuri. Shayin da na kawo masa yana nan a kan tebur har ya huce.

Yanzu kamfanin ya ce a kai motar nan da kwana goma sha biyu. Wai suna da na'urar da in an jona ta za ta nuna duk abin da injin ya yi, har rana da lokaci. Maigida sai murna yake, yana cewa ta ɓangarensa fes yake. Yayata ta ce in yi shiru, maza sun saba faɗa su shirya, wataƙila ma na'urar ba ta nuna komai, wataƙila kuma injin da ciwonsa ya zo. Ni ba duka nake tsoro ba, ba saki ba, mijina ba haka yake ba. Fuskarsa nake tsoro. Ga kuma abin kunyar da ban gaya wa ko yayata ba: ina kewar gudun nan. In na ji an tayar da motar, tafin ƙafata ƙaiƙayi yake. Anti, wace irin mace ce ni, kuma yaya zan yi?

Taki,
Hawainiya

*

'Yar'uwata Hawainiya,

Na tsallake layin kamar yadda kika roƙa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya a wurin cire takalmi. Da na iso kan shayin da ya huce kuwa, dariyar ta tsaya.

Bari mu fara da ƙarfe. Na tambayi kanikawa biyu. Na farko ya ce matsa wa sabon inji da sanyinsa yana iya hana zobban fistan zama daidai, daga nan ya koma shan mai. Na biyu ya ce injinan yanzu suna da juriya, kuma akan sami wanda ya fito da ciwonsa. Dukansu sun ce ba mai rantsuwa sai an duba. Don haka yayarki tana iya yin gaskiya, mai yiwuwa ba ke kika jawo hayaƙin ba. Sai dai wannan bai wanke ki ba, domin babban laifinki ba a cikin bonet yake ba. Kin ce sittin sau tara, sannan kin bar mutumin da ya tsaya miki a ƙofar ɗakin haihuwa ya sha kunyar da ba tasa ba. Bakanike da sunansa yake cin abinci, kuma sunan ne ake yanka a unguwa kina ji.

Maigidanki ma yana da nasa kason. Ya yanke hukunci ba bincike, ya tozarta abokin shekara ashirin da shida a bainar jama'a. Ya kuma shekara ashirin yana kallon matarsa ta cikin suna ɗaya, har bai taɓa tunanin akwai wata mace a bayan sunan ba. Amma ki lura, yardar da ya yi da ke ce ta sa ya yi kuskuren. Kada ki mai da wannan makami ranar da za ki yi magana.

Ranar kuwa yau ce, ba ta goma sha biyu ba. In na'ura ta riga ki, a gaban baƙi zai ji, kuma ba zai taɓa sanin ko da ma kina da niyyar gaya masa ba. In kuma na'urar ta yi shiru, to kin fi shiga uku, don Likita zai ɗauki kayanki har ƙarshen ransa. Ki zaunar da mijinki ku biyu, ba yara. Ki faɗi tifar, ki faɗi filastar, ki ce tara, kada ki ce sau ɗaya ko biyu. Ke ce mai ba da magani, kin fi ni sanin abin da rabin ƙwaya ke yi wa ciwo. Fuskar da kike tsoro za ki gan ta. Ki daure ki kalle ta, ki bar shi ya yi fushinsa, kada ki nemi ya yafe nan take.

Daga nan sai gareji. Inda aka yi zagin nan za a ba da haƙuri, da rana tsaka, ma'aikata na ji. Ki raka shi, ki faɗi naki da bakinki. Likita zai ce ba komai, a bar maganar. Kada ku bari, domin mutumin nan ya karanta gaskiya a jikin taya ya haɗiye ta don ya rufa miki asiri, kuma ya biya da tsada. Abokan nan biyu maigida ya kira su da kansa ya warware abin da ya faɗa. Kamfanin ma a gaya musu yadda aka yi, su yanke abin da za su yanke.

Saura tafin ƙafa. Kin tambaye ni wace irin mace ce ke. Mace ce da ta gano tana son wani abu tana da shekara arba'in da tara, kuma wannan ba zunubi ba ne. Amma hanyar bayan masana'antu ta jama'a ce, akwai masu tsallakawa zuwa aiki da safe. Ki gode wa Allah da hayaƙi kaɗai ya biyo baya. In ƙura ta lafa, ki nemi wurin da aka keɓe don irin wannan gudu da wanda zai koya miki, ki ce wa maigida ya zauna a gefenki ya ɗaura bel.

Inji ana buɗe shi a sauya zobba. Wanda ya ce tsufa ya kama shi alhali ya san ƙarya yake yi wa kansa saboda ke, shi ne ba ya jiran kwana goma sha biyu. Ki sake dafa shayin nan ki kai masa har gareji, ki tsaya sai ya sha.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba maigida lafiyar gwiwa da sanyin rai, ya mayar wa Likita da mutuncinsa ninki.

Antinku